Daga Ƙwayar Sha'ir zuwa Awon Ƙafa da Haske

Tun da dukawan Turai suka fara ɗinka takalmi don mutumin da ba su taɓa ganin ƙafarsa ba, mas'alar da ta addabe su ita ce yadda za a ƙayyade ƙafa da lamba, alhali kuwa Allah bai halicci ƙafafu biyu daidai wa daida ba, ko da a jikin mutum guda. Turawan Ingila suka ɗauki ƙwayar sha'ir ma'auni, wato sulusin inci, wadda har yau ita ce tazarar lamba da lamba a takalmansu. Faransawa kuwa suka zaɓi sulusi biyu na santimita. Amma masu hali ba su taɓa sallama wa lamba ba, domin a gidan ɗinkin takalmi na John Lobb da ke Landan akan sassaƙa wa mai ciniki ƙafar itace tamkar tasa, a rubuta sunansa a jiki, a adana ta shekara da shekaru.

Wajen 1925 Charles Brannock na birnin Syracuse a Amurka ya ƙago faranti na ƙarfe mai auna tsawo da faɗi da inda tudun babban yatsa yake. A zamanin nan ne kuma aka zo da wata bidi'a wadda, a ganina, talla ta fi yawa a cikinta bisa ga hikima: akwati ne mai hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yaro ya zura ƙafa, shi da uwarsa da mai kanti su leƙa suna kallon ƙasusuwan yatsu na motsi cikin sabon takalmi, ba tare da sun yi la'akari da illar da hasken ke yi wa jiki ba, har jihar Pennsylvania ta haramta shi a 1957.

Na'urar yau, irin ta kamfanin Volumental na Suwidin da aka kafa a 2012, kyamarori ne ke kewaye ƙafa, cikin daƙiƙa biyar kwamfuta ta fito da surarta sukutum, har kwarmin tafi da kaurin diddige. Sai dai galibin masu hawanta ba a ɗinka musu komai, zaɓa musu kawai ake yi daga abin da masana'anta ta riga ta jera a kanta. Wanda aka ƙera wa takalmi bisa surar tasa ƙafar, har yanzu mai hali ne.