Malafar Turai da gashin jiminar Kano

Jiya muna hirar fatar jaki a ofis, yadda kasuwar Sin ke neman ƙarar mana da jakuna, sai wani ya ce ba a taɓa ganin irin wannan ba. Na ce masa an taɓa, sai dai wancan karon tsuntsaye ne suka ji a jikinsu.

Daga wajen 1870 zuwa 1914, matar da ta isa a Landan ko Faris ko New York ba ta fita sai da malafa mai gashin tsuntsu. Wasu ma tsuntsun sukutum ake busarwa a ɗora, har da idon gilas. A 1886 wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya zaga titunan New York yana ƙirga: cikin huluna 700, sama da 500 na ɗauke da gashi, daga tsuntsaye iri 40. Wanda ya fi shan wahala shi ne wani ɗan'uwan balbela, don gashin da ake so lokacin ƙyanƙyasa yake fitowa. A harbe iyaye, 'ya'ya su mutu a sheƙa.

To ina ruwanmu? Ai da mu aka ci kasuwar. Gashin jimina na cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano da Damagaram zuwa Tarabulus, tare da hauren giwa da jemammiyar fata, daga can sai Turai. Gashin namu ya yi sunan da a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu, mai gonakin jimina a Oudtshoorn, ta turo tawaga ƙarƙashin Russell Thornton har Kano neman iri. Suka koma a 1912 da jiminu sama da 100. Ku duba fa: mu muna sayar da gashi, su tsuntsuwar suka zo ɗauka.

Su ma ba su more ba. A 1914 kasuwa ta rushe. Yaƙi ya zo, ga mota mai buɗaɗɗen sama da ba ta barin katuwar malafa a kai. Mata ne kuma suka fara kunyata masu ɗora tsuntsun daji a ka: Emily Williamson ta kafa ƙungiya a Manchester a 1889, Ingila ta yi dokar hana shigo da irin wannan gashi a 1921.

Yau malafun suna gidajen tarihi. Mu kuma gashin jimina sai a figini da takalmin Sarki ranar hawa. Jiminar da ta saba yawo a dajin Nijar, yanzu a killace ake kiwonta a Kelle, jihar Damagaram, ana lallaɓa ta ko za ta sake yaɗuwa.

Wa ya taɓa ganinta a daji da idonsa? Ni dai a gidan zu na ganta.