Daga mai shela zuwa makirufon iyafis

1/ Saura kwana biyu saukar Alƙur'ani a Islamiyyarmu ta Yakasai makirufo ya mutu, ga shi babu kuɗin sabo. Neman mafita ne ya kai ni ga tarihinsa. Ku biyo ni.

2/ Kafin zuwan lasifika, maƙogwaron mutum ake dogara da shi. Saƙon Sarki, mai shela ke zagayawa da shi unguwa-unguwa. A masallaci kuwa, liman ya yi kabbara, ladan ya maimaita don sahun baya su ji.

3/ A shekarun 1870 aka ƙera makirufon gawayi. Garin gawayi ne tsakanin faranti biyu: murya ta matsa shi, ƙarfin wutar da ke ratsawa ya sauya. Da shi tarho ya yi aiki kusan shekara 100.

4/ A 1962 James West da Gerhard Sessler na Bell Labs a Amurka suka fito da ƙaramin makirufon electret. Shi ne 'yar ƙwayar nan da ke jikin wayar iyafis ɗinka.

5/ Ita na ciro. Na haɗa mata batir mai bolt 9, resista 10k da kafasita, na jona da amfilifayarmu. Da farko ya yi ta kuwwa, ashe lasifikar ce ke kallon makirufon. Ina juya ta, shiru.

6/ Ranar sauka har iyaye mata na baya sun ji karatun yara. Ana tsaka da kiran sunaye aka ɗauke wuta. Wani dattijo ya miƙe, malam na faɗa, shi yana maimaitawa da ƙarfi. Ba sunan da ya ɓace.