Garuruwan Bakin Gongola da Birnin Gombe Ya Baro a Baya

Duk baƙon da ya sauka a Gombe ya ce yana sha'awar ganin ruwa, Daɗin Kowa za a nuna masa. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 37 ce gabas da gari a kan hanyar Biu. A wuce Liji, a ratsa Kwadon, inda kwandunan tumatir da buhunan albasa ke jibge a bakin titi lokacin kayan gwari, sai ga garin. Daga nan a karkata arewa kamar kilomita 5 a iske madatsar ruwa. Masu zuwa galibi ɗalibai ne da malamansu, ko iyalai a hutun Sallah, ko ma'aikacin da aka turo Gombe aiki ya ɗauki shatar mota, wani ɗan gari ya yi masa ja-gora. Abin da akan yi bai wuce a kalli ruwa, a ɗauki hoto, a sayi kifi, a juyo kafin la'asar ba. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai ruwan da suka je kallo na kogin Gongola ne, kuma a bakin wannan kogi aka yi mafi yawan abin da ake kira tarihin masarautar Gombe kafin 1919.

Kogin daga tsaunukan Jos yake tasowa. Yana ratsa ƙasar Bauchi ya nufi arewa maso gabas, sai ya kai Nafada ya yi kwana ya fuskanci kudu, ya bi ta Ashaka da Daɗin Kowa, ya haɗu da kogin Hawal, ya wuce Kiri, ya zuba cikin Binuwai a Numan. A taswira ya lanƙwashe kamar baka, birnin Gombe na yau kuwa yana zaune a ciki, nesa da ruwan ta kowace fuska. Wanda ke son ya bi garuruwan bakin kogin da natsuwa sai ya ware kwana biyu: ɗaya na gabas da arewa, ɗaya na yamma.

Ta yamma ya kamata a fara, domin can ne tushe. A kan hanyar Dukku zuwa Darazo, daidai inda ake ƙetare kogin, akwai Gombe Abba. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya karɓo tuta a farkon jihadin da aka soma a 1804, ya shafe shekaru yana yaƙi a wannan yanki na Bolewa da Tera da Jukun da Fulani makiyaya. Ya zauna a Ribadu kusa da Nafada, kafin ya kafa Gombe Abba wajajen 1824 ya mai da ita hedikwata. Zaɓen wurin ba da ka aka yi shi ba. Ga ruwan mutane da na dabbobi rani da damina, ga fadama, ga mashigin da ayarin fatake ke bi tsakanin Barno da Bauchi. A nan ya rasu a 1841, kuma hubbarensa yana nan har gobe. Ɗansa Sulaimanu ya gaje shi na ɗan lokaci, sannan Muhammadu Kwairanga ya hau a 1844 ya yi shekara 38 a kan gado.

A zamanin Kwairanga ne Turawan farko suka leƙo. Bajamushe Eduard Vogel ya zo a 1855, wani Bajamushen, Gerhard Rohlfs, ya biyo ta nan a 1867 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Bauchi, har ya dangana da Ikko. Babu ɗayansu da ya yi tafiyar shi kaɗai. Sarki kan haɗa baƙo da manzo, manzo ya kai shi gari na gaba, ya gabatar da shi, ya nema masa masauki. Aikin ja-gora a ƙasar nan ya girmi mota da kwalta, kuma a da sai wanda ya san mutane da hanyoyi ake ɗora wa shi.

Inda ya fi cancanta a daɗe a tsaye shi ne Burmi, wadda wasu ke rubutawa Mbormi, kusa da Bajoga da Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye. Daga Gombe sai a bi hanyar Malam Sidi. A shekarun 1880 wani malami, Jibrilla Gaini, ya kafa sansani a nan. Yana cikin waɗanda suka karɓi kiran Mahadin Sudan, kiran da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ke yaɗawa daga Balda. Jama'a suka yi ta kwarara gare shi, garin ya yi ganuwa, ya fi ƙarfin masarautar da yake cikinta. Sarkin Gombe Zailani ya kai masa yaƙi a 1888, a nan ya gamu da ajalinsa. An haɗa dakarun masarautu maƙwabta, Burmi ba ta ciwu ba. Sai a 1902, da rundunar Kanar Morland ta ratso daga Bauchi za ta Barno, aka kama Malam Jibrilla aka kai shi Lakwaja, can ya ƙare rayuwarsa. A wannan zuwan ne Sarkin Gombe Umaru ya karɓi Turawa ba tare da an gwabza ba.

Kama malamin bai kashe garin ba. Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya fita da niyyar hijira zuwa gabas. Duk inda ya ratsa sai mutane su bar gonaki da gidaje su bi shi: malamai, sarakuna, talakawa, mata da goyo. Abin ya tayar wa gwamnatin Turawa ta Gwamna Lugga da hankali, domin ƙasa ce take neman tashi ta bar su da kango. Dalilin da ya sa ayarin ya nufo Gongola kuwa yana da nasaba da wani tsohon zance da ya daɗe yana yawo a bakin malamai, cewa a ƙarshen zamani jama'a za su taru a Dutsen Bima kafin su wuce gabas su sadu da Mahadi. Dutsen Bima shi ne wanda mai ziyarar madatsar Daɗin Kowa ke hangowa a yau, sau da yawa ba tare da an gaya masa ko sunansa ba.

A watan Mayu 1903 wata ƙaramar runduna ƙarƙashin Kyaftin Sword ta far wa Burmi, mutanen gari suka kore ta da raunuka. Turawa suka sake shiri, suka dawo ranar 27 ga Yuli da igwa da bindiga mai ruwa ƙarƙashin Manjo Marsh. An wuni ana fafatawa. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh. Attahiru ya faɗi tare da mutanensa fiye da 600, aka ƙone garin, bai kuma sake tashi ba. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, inda zuriyarsu ke zaune yanzu. Kabarin Attahiru da na Marsh duka suna Burmi. A ganina babu wani fili a arewacin Nijeriya da ya fi wannan nauyi a tarihin zuwan Turawa, domin a nan Daular Usmaniyya ta yi tsayuwarta ta ƙarshe. Amma yaran makaranta da yawa a Gombe sun san kamfanin siminti na Ashaka, wanda ya fara aiki a 1979, ba su san a gefensa Sarkin Musulmi yake kwance ba.

Gaba kaɗan arewa sai Nafada, inda kogin ya yi kwana. Wanda ya gan ta yau da wuya ya yarda cewa ta taɓa zama tashar jiragen ruwa. A farkon mulkin Turawa, idan damina ta yi nisa kogi ya cika, jirage kan hauro daga Binuwai ɗauke da kayan soja da na kanti, a sauke a Nafada, a ɗora wa 'yan dako da dabbobi su nufi Barno. Tawagar Boyd Alexander ta biyo wannan hanya a 1904 da jiragenta na ƙarfe har Ashaka, daga nan aka kwance su aka ɗauka a ka zuwa kogin Yobe da tafkin Cadi. Saboda wannan tasha da barikin soja ne Turawa suka ɗauke hedikwatar masarauta daga Gombe Abba suka mai da ita Nafada a 1913.

Zaman bai daɗe ba. Kogin na 'yan watanni ne kawai yake ɗaukar jirgi, Nafada kuma tana can ƙurya, nesa da ƙasashen Tangale da Waja da Turawa ke son sa wa ido. A 1919 aka sake tashi, Sarki Umaru da fadawansa suka sauka a Doma, wadda ta zama Gombe ta yau. Ta fuskar kasuwa an dace. Auduga ta bunƙasa, aka kafa injin gurza a shekarun 1950, jirgin ƙasa ya iso a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, kuma ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birnin sabuwar jiha. Ta fuskar ruwa kuwa an sha wuya. An baro kogi an zauna a kan rairayi mai zurfin rijiya, wanda damina ke yankawa ta bar kwazazzabai. Duk wanda ya tashi a Gombe ya san kurar 'yan ga-ruwa da layin jarkoki a bakin famfo.

Madatsar Daɗin Kowa ita ce ta sake haɗa birnin da koginsa. Gwamnatin tarayya ta kammala ta a 1984, tana ƙarƙashin hukumar raya kogin Binuwai ta sama mai hedikwata a Yola. Tafkin da ta tara ya kai faɗin murabba'in kilomita 300, yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.8, kuma ya miƙe arewa har wajajen Kupto. An gina ta ne don abu uku: noman rani, ruwan sha da wutar lantarki. Abin takaici, ukun duka sai da suka yi ta jiran gawon shanu. Ruwan famfo bai kama hanyar Gombe sosai ba sai a mulkin Gwamna Danjuma Goje, tsakanin 2003 da 2011, da aka gina matatar ruwa aka ja bututu zuwa gari. Tashar lantarki mai megawat 40, wadda aka ba kamfanin Mabon, sai da madatsar ta haura shekara 30 kafin ta ba da wuta. Magudanan noman rani ma kaɗan aka gina daga abin da aka tsara, har sai da shirin noman rani na TRIMING na Bankin Duniya ya shigo. Kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya da aka kafa a garin a 2002 tana nan tana yaye ɗalibai, amma kamfanin tumatirin gwangwani na Vegfru, wanda a da yake sayen amfanin manoman yankin, ya daɗe da rufewa.

Wanda ya yi sammako ya isa bakin tafkin kafin rana ta ɗaga zai ga abin da mai zuwa da azahar ba ya gani. Kwale-kwale na shigowa ɗaya bayan ɗaya, masunta na zazzage taru, ana ware karfasa gefe, tarwaɗa gefe, in an yi sa'a a ga giwan ruwa mutum biyu na cicciɓarsa. Dillalai na tsaye da daro, ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Teranci, hayaƙin banda na tashi a bayan bukkoki. Garuruwan wannan gefe, irin su Hinna da Gwani da Shinga da Wade, na Terawa ne, kuma sun riga madatsar da ɗaruruwan shekaru. Su ne suka ba da gonakin da ruwa ya shanye. Su ne kuma ke kwana a gona suna gadin shinkafa da masara saboda dorina, wadda ta yi yawa a tafkin, takan fito da dare ta share aikin wata uku, wani lokaci har ta kife jirgi. Baƙo murna yake yi in ya hango kanta a ruwa, manomin Hinna kuwa gabansa ne ke faɗuwa. Ja-gora na ƙwarai shi ne wanda zai nuna wa baƙo dorinar, ya kuma kai shi ya ji ta bakin mai gonar.

A nan ne giɓin yake. Hanyoyin suna nan, garuruwan suna nan, kuma tun da aka ƙirƙiro sababbin masarautu a zamanin Gwamna Abubakar Habu Hashidu, Yamaltu da Funakaye da Nafada da Dukku kowace tana da fadarta da dattawan da suka riƙe labarin kakanninsu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai shiga mota da baƙo ya haɗa masa waɗannan wurare su zama labari guda, daga hubbaren Buba Yero zuwa kabarin Attahiru, daga tsohuwar tashar Nafada zuwa bututun da ke kai ruwa Gombe. Direban shata ya san hanya, amma ba aikinsa ba ne ya san 1903.

Jami'ar Jihar Gombe tana yaye ɗaliban tarihi kowace shekara, da yawansu kuma 'ya'yan waɗannan garuruwa ne. Muna kira ga ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido ta jiha, tare da masarautun bakin kogi, su horar da irin waɗannan matasa su ba su shaidar aikin ja-gora, su kafa alluna masu bayani da Hausa a Gombe Abba da Burmi da Nafada, su kuma kyautata hanyar shiga Burmi. Shugabannin makarantun da ke kai yara Daɗin Kowa kuwa, don Allah a ƙara musu kwana ɗaya a kai su Burmi.