Yadda aka koya wa kwamfuta fasa dutse

A daren 2 ga Disamba 1959 madatsar ruwa ta Malpasset da ke kudancin Faransa ta ɓalle, ruwa ya ci mutum fiye da 400. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ba kankaren ne ya fara gazawa ba. Dutsen da ginin ya jingina da shi ne ya goce ta wata tsaga. A 1963 kuma gefen tsauni ya zaftaro cikin tafkin Vajont a Italiya, rayuka kusan 2,000 suka salwanta. Nan ido ya raina fata. Lissafin injiniyoyi na wancan zamani yana ɗaukar dutse kamar curin ƙarfe guda, alhali kuwa cike yake da tsagu da gaɓoɓi.

Wanda ya sake lale shi ne Peter Cundall, matashin da ya yi digirinsa na uku a Imperial College ta Landan. A wani taro a garin Nancy a 1971 ya kawo shawarar a daina lissafa dutse a dunƙule, a raba shi gunduwa-gunduwa. Kwamfuta ta duba inda gunduwa ta taɓa 'yar'uwarta, ta auna ƙarfin da ke tsakaninsu, ta matsar da kowace bisa dokar motsi ta Newton na ɗan ƙiftawar ido, sannan ta koma farko, haka sau dubbai. Wannan dabara ce ake kira DEM a yau.

A 1979 shi da Otto Strack suka gwada ta a kan yashi, da manhajar da suka raɗa wa suna BALL. Ƙwayoyin 'yan ɗaruruwa ne kacal, iyakar abin da kwamfutar lokacin za ta iya ɗauka ke nan. Duk da haka sakamakon ya yi daidai da hotunan wani gwaji da aka yi a Holan: nauyi ba ya rabuwa daidai wa daida, yana bin wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar saiwar bishiya, maƙwabtansu na zaman kashe wando.

To amma yashi daban, dutse daban. Maganin sai ya zo da sauƙi: a manne ƙwayoyin. Duk wanda ya taɓa karya kantun riɗi ya san abin. Ba ƙwayar riɗin ke fashewa ba, sukarin da ya haɗa su ne ke saki, tsagar ta yi ta kewaye-kewaye har ta ɓulla. Kamfanin Itasca, wanda malaman Jami'ar Minnesota suka kafa a 1981, ya fitar da manhajar PFC mai aiki da wannan dabara a shekarun 1990. Aka gwada ta da dutsen Lac du Bonnet na Kanada, inda rufin wani rami mai zurfin mita 420 ya riƙa ɓantarewa, a binciken wurin binne sharar nukiliya. A 2004 David Potyondy da Cundall suka wallafa cikakken tsarin.

Abin burgewa shi ne ba wanda ke gaya wa kwamfutar inda tsaga za ta bi, da kanta take fitowa. Masu ƙera bakin injin haƙa suka samu abin nema. Sai ga shi a allo: in haƙorin injin ya shiga sama-sama niƙa dutsen yake ya zama gari, in ya nutse sai ya ɓamɓaro shi ɓaro-ɓaro.

Sai dai a ganina ana yawan zuzuta abin. Ƙarfin mannen nan ba a auna shi a jikin dutse. Injiniya ke ta sauya lambobi, ƙara nan rage can, har samfurinsa ya karye yadda na gaske ya karye a ɗakin gwaji. Saboda haka har yau, kafin a kunna kwamfuta, sai an yanko dutsen an matse shi a inji ya fashe.