Jinin Havasupai: An Ɗiba Don Ciwon Suga, An Yi Wani Aikin Da Shi

A can cikin kwazazzabon Grand Canyon na jihar Arizona a Amurka akwai wani ƙauye mai suna Supai, wanda har gobe mota ba ta shiga. Mai zuwa sai dai ya tako kilomita 13 a ƙasa, ko ya hau doki, ko jirgi mai saukar ungulu. Wasiƙa ma a bayan alfadari ake kai ta. Nan ne mazaunin ƙabilar Havasupai, mutanen da yawansu bai kai dubu ba. Sun san zafin ƙwace tun da daɗewa: a 1882 gwamnati ta takure su a eka 518, sai a 1975 aka mayar musu da eka 185,000 na ƙasar kakanninsu.

A 1989 ciwon suga ya addabe su, har ana yanke wa wasu ƙafa. Sai suka kai kukansu wurin John Martin, masanin al'adu a Jami'ar Jihar Arizona, wanda ya daɗe yana hulɗa da su kuma suka amince da shi. Shi ya haɗa su da Therese Markow, masaniyar ƙwayoyin gado. Daga 1990 aka fara ɗibar jini, mutum sama da 200 suka miƙa hannu. Jini ba abin wasa ba ne a wurinsu, domin sun yi imani cewa mamaci ba ya samun hutu muddin wani ɓangare na jikinsa yana wani wuri. Neman lafiyar 'ya'yansu ne ya sa suka yarda.

Binciken bai gano abin da ake nema game da sugan ba. Amma jinin yana nan a firiza, ana gutsura ana ba wasu masana, har da na wasu jami'o'i. Da shi aka yi nazarin taɓin hankali, da na auren zumunci, da na asalin ƙabilar, inda aka ce kakanninsu daga Asiya suka ƙetaro ta mashigin Bering. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya taɓa su a inda yake musu ciwo. A ƙaramin gari da kowa ya san kowa, maganar hauka da auren dangi tabo ne ga gidaje. Batun Asiya kuwa ya ci karo da abin da dattawa suke gaya wa jikoki, cewa daga wannan kwazazzabo suka samo asali, kuma shi aka ba su amanar tsarewa.

Asiri ya tonu a 2003. Wata 'yar ƙabilar, Carletta Tilousi, ta halarci zaman da wani ɗalibin digirin digirgir yake gabatar da aikinsa a jami'ar. Ta ji ana bayanin jinin mutanenta a kan abin da bai shafi suga ba, sai ta tambaye shi ko ya sami izininsu. Nan take aka tsayar da zaman. Ba a daɗe ba ƙabilar ta haramta wa ma'aikatan jami'ar taka ƙasarta, a 2004 kuma aka shiga kotu.

Markow ta tsaya a kan cewa ba ta yi laifi ba, hujjarta kuwa takardar izinin da aka sa wa hannu ta ambaci binciken cututtukan jiki da na ɗabi'a gaba ɗaya. A nan ne gizo yake saƙa. Turanci ba shi ne harshen farko na da yawa daga cikinsu ba, kuma abin da suka ce an gaya musu baki da baki shi ne suga. Faɗaɗa kalmomin takarda yadda za su haɗiye duk wani bincike na gaba yana iya kare mai bincike a gaban alƙali, amma bai sa wanda ya miƙa hannu ya san abin da ya amince da shi ba. Kuma babu wanda ya koma Supai ya sake neman izini lokacin da aka sauya akalar aikin.

Jami'ar ta kashe kimanin dala miliyan 1.7 wajen kare kanta kafin a sasanta a watan Afrilun 2010. Aka biya mutum 41 dala 700,000, aka yi alkawarin tallafin karatu da taimako a kan makaranta da asibiti, aka kuma mayar da jinin da ya rage. Wakilan ƙabilar suka je har ɗakin firizar suka karɓa da addu'o'i, wasu na kuka, don a ciki akwai na 'yan uwansu da suka riga mu gidan gaskiya.

Da yake sulhu aka yi, kotu ba ta yanke hukunci a kan ainihin tambayar wane ne ke da iko da jini bayan ya bar jikin mai shi ba. Maƙwabtansu Navajo ba su jira alƙali ba, tun 2002 suka dakatar da binciken ƙwayoyin gado a ƙasarsu. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta buɗe ofishi na musamman domin tuntuɓar ƙabilun asali a kan binciken da ya shafe su.