Tsakanin Sakkwato da Makwar: Nisan Ƙasa da Nisan Sama

Idan ɗalibi ya ɗauki taswira ya ja layi miƙaƙƙe daga Sakkwato zuwa Makwar, wato garin Sinnar na yanzu a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, zai samu kimanin kilomita 3,000. Jirgin sama na zamani zai cinye wannan tafiya cikin awa huɗu ko makamancin haka. Amma Hausawa da Fulanin da suka kafa ƙauyukan wannan yanki da ƙafa suka auna nisan.

A shekarar 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ci gaba da jan ragowar jama'a. Suka ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, sai wajen 1906 suka sami mazauni kudu da Makwar. Garin da suka kafa shi ake kira Mai Wurno.

Wannan hanya dai ita ce tsohuwar hanyar alhazai. Maniyyaci yakan tashi da iyalinsa, in guzuri ya ƙare ya yada zango, ya yi noma ko ƙodago, sannan ya ƙara gaba. Wani yakan shekara biyar ko fiye kafin ya ga tekun Maliya. Da aka gama madatsar ruwa ta Makwar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu. Da yawa daga masu niyyar wucewa suka zauna, zango ya zama gari.

Abin lura, a wannan shekara ta 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a Kano. Jiragen sojan Ingila ne uku, sun taso daga Masar suka biyo ta Sudan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, yana sauka a Al-Ubayyid da Al-Fashir da Al-Junaina da Fort Lamy da Maiduguri. Wato jirgin ma sawun mahajjata ya bi, sai dai tafiyar shekaru ta koma ta kwanaki.

Daga shekarun 1950 alhazan Nijeriya suka fara komawa ga jirgi, daga Kano sai Jidda. A nan ne al'amarin ya juya. Jirgi ya kawo Makka kusa, amma ya nisanta Makwar, domin mai wucewa ta sama ba ya yada zango. Baƙin da kan kawo wa ƙauyukan Jazira labarin gida da sababbin kalmomi suka ragu, Hausar yankin kuma ta ƙara cuɗanya da Larabci.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe filin jirgin Khartum. Ɗaliban Nijeriya da aka kwaso sai da suka bi mota ta hamada zuwa iyakar Masar ko zuwa Port Sudan kafin su sami jirgi. Awa huɗun da ke kan taswira ta sake zama kwanaki, a kan ƙasar da kakanninsu suka taka da ƙafa.