Sed (manhajar kwamfuta)

Sed ƙaramar manhaja ce ta tsarin Unix da Linux wadda ake gyara rubutu da ita ta hanyar rubuta umarni, ba tare da an buɗe fayil an gyara da hannu ba. Masu kula da kwamfutoci suna yawan amfani da ita wajen sauya fayilolin saiti, wato fayilolin rubutu da ke gaya wa tsarin yadda zai yi aiki. A Linux, yawancin waɗannan fayiloli suna cikin foldar /etc.

Tarihi

Lee E. McMahon ne ya rubuta sed a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka tsakanin 1973 da 1974. Ya gina ta a kan umarnin ed, editan da Ken Thompson ya ƙirƙira. Ta shiga cikin Unix bugu na 7 a shekarar 1979. Akan haɗa ta da grep, mai zaƙulo layuka, da awk, wadda Alfred Aho da Peter Weinberger da Brian Kernighan suka samar a 1977. A yau galibi ana sarrafa su ne ta Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989.

Yadda take aiki

Sed tana karanta fayil layi bayan layi, ta aiwatar da umarni a kan kowane layi, sannan ta nuna sakamako a allo. Umarnin da ya fi shahara shi ne s/tsoho/sabo/, wanda ke musanya kalmar farko da ta biyu. Fayil na asali ba ya canzawa sai an ƙara alamar -i.

Misali da harshen Hausa

A Debian da ire-irensa, jerin harsuna yana cikin /etc/locale.gen. Layin Hausa ta Najeriya, ha_NG, yakan zo da alamar # a farkonsa, wadda ke sa tsarin ya tsallake shi. Ana cire ta kamar haka:

sed -i.bak 's/^# *ha_NG/ha_NG/' /etc/locale.gen

Bayan haka sai a gudanar da locale-gen. Haka kuma a fayil ɗin /etc/default/keyboard, idan aka mayar da XKBLAYOUT zuwa "ng" da XKBVARIANT zuwa "hausa", za a samu allon rubutu mai haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan aka tara irin waɗannan umarni a fayil guda, ana iya gudanar da su a kan duk kwamfutocin ɗakin karatu, kowace ta samu saiti iri ɗaya.

Abubuwan lura

Sed ba ta neman tabbaci kafin ta yi gyara. Kuskure a /etc/ssh/sshd_config na iya hana mai kula shiga kwamfutar da yake sarrafawa daga nesa. Don haka ake fara gwada umarni ba tare da -i ba, ko a rubuta -i.bak domin a ajiye kwafin asali. Haka nan, wanda ya tura sakamako da alamar > zuwa fayil ɗin da sed ke karantawa zai tarar da shi babu komai, saboda Bash tana share abin da ke ciki kafin sed ta fara karatu. Akwai kuma bambanci tsakanin sed ta GNU da ta macOS: a macOS dole -i ta zo da kari a bayanta, ko da fanko ne ('').